Gaiwar da Ta Faɗo daga Katangata

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai Ila Magini makwancinsa, a bayan ƙauyenmu da ke gefen Sule Tankarkar. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, ko da yake duk shekara in watan ya kama sai in ce bana zan yi. Ba ƙiwa ce ke hana ni ba. Babu yadda za a yi in ba da labarin Ila tsakani da Allah ban tona wa kaina asiri ba, tsohon malamin makaranta kuwa ya saba shi ke sa wa wasu jan biro. Bana dai na ga gwiwa ta fara ƙin miƙewa bayan sujada, na ce gara in faɗa da bakina tun da sauran numfashi.

Ni da Ila sa'anni ne. Ƙofofin gidajenmu na kallon juna, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ni aka kai ni makarantar boko a Gumel, shi ya bi mahaifinsa sana'ar gini. Lokacin da na dawo da takardar koyarwa, na tarar ya zama maginin da ake aiko wa tun daga ƙauyukan Gagarawa har tsallaken iyaka. Daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Mai Alli. In kuwa yana so ya ƙular da ni, sai ya ce "ku 'yan lakwal", yadda dangin mahaifiyarsa na Damagaram ke kiran 'yan boko.

Ila ba ya iya wuce abu bai tsaya ba. Tafiyar da kowa ke yi cikin rabin sa'a, in da shi ne sai ku ci sa'a biyu, don zai tsuguna a bakin ramin tururuwa ya ga me suke ja. Aljihun 'yar shararsa kullum a yage yake saboda tarkace. Yau ɓallin tsohuwar tukunya mai zanen da ba a yi yanzu, wanda ya tono wajen haƙar harsashin gini. Gobe bawon dodon koɗi da masu haƙar rijiya suka fito da shi daga can ƙarƙashin rairayi. Sai ya zo ya zube min su a kan tabarma ya ce, "Mai Alli, me ya kawo abin ruwa ƙarƙashin tudun nan?" Shi ya fara sa ni lura cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da kowane ice ke tofo, sannan ya yi kore shar da rani. Na yi shekaru ina shan inuwar gawo ban taɓa ɗaga kai na kula ba. In ya matsa min da tambaya, sai in gyara murya in ce ikon Allah ne. Shi kuma ya ce, "Na sani ikon Allah ne, ai ban ce na Mai Unguwa ba ne. To ku a lakwal ɗin me kuka je yi?"

Shekarar da aka ba ni shugabancin makarantar ƙauyenmu, na sami fili a bakin gari na yi ɗakuna, ya rage katanga. Filin ya haɗa iyaka da gonar surukin Ila, kuma sai da muka ɗan yi sa-in-sa da tsohon a kan taku biyar kafin Mai Unguwa ya raba gardama, ya ba ni gaskiya. Ila bai sa baki ba, ni ma ban riƙe shi da komai ba. Shi na ba aikin, don ba ni da wani magini a duniya in ba shi ba.

Matsalar ita ce ruwa. Wanda bai zauna a yankinmu a wancan zamanin ba, ba zai gane tsadarsa ba. Rijiyarmu sai an ɗaura wa sa igiya ya yi ta tafiya kafin guga ya leƙo, kuma a ranin shekarar ta ja baya sosai. Kwaɓa ƙasar tubali kuwa shan ruwa gare ta ba kaɗan ba. Ba wanda zai yarda ka zubar da tulu goma a ƙasa alhali mata na jiran na tuwo. Sai Ila ya fito da dabara. Akwai wani tafki a fadama, ta wajen Gagarawa, tafiyar rabin yini da amalanken shanu. In ya ƙafe, lakar sai ta daddare ta zama manyan hoge masu taurin dutse. Ila ya ce me zai sa a wahala da kwaɓi, ga tubali rana ta riga ta yi? Ya je da dagi ya ɓamɓaro su, aka lodo a amalanke, ya sassaƙe gefunansu da adda, ya jera su a gindin katanga yadda suke, ya ɗan kwaɓa ta yaɓe kawai. Da farko an yi masa dariya. Da katanga ta tashi tsaf, masu dariyar ne suka fara tambayarsa yaushe zai sami sarari.

Mun tare a gidan da bazara. Ba mu yi wata ba, Innata ta kwanta da kumburin ƙafa, muka yi ta magani ba sauƙi. Sai damina ta faɗi. Ruwa na uku ya zo da iska daga gabas, ya yi ta dukan katangar nan tun hantsi har azahar. Yana ɗaukewa, na ji maiɗakina Hajara ta ƙwala salati a tsakar gida. Na fito da gudu ba takalmi. Yaɓen gindin katanga ya zame, hoge ɗaya ya narke ya bar kogo, a cikin taɓon kuma ga wani dogon abu mai santsi yana mutsu-mutsu, da wasu siraran hannuwa kamar igiyar takalmi. Na ce maciji ne. Da na matsa, sai ya buɗe baki ya yi wata 'yar ƙara, na ja da baya.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Wani ya ce ai wannan gaiwa ce. To mu mutanen tudu ne, gaiwa a kasuwa muka san ta, bandararriya a cikin kwando. Mun dai ji ana cewa tana shiga laka. Amma laka daban, hogen da rana ta gasa ya kuma yi wata huɗu a jikin bango daban. Ba wanda hankalinsa ya kai can. Wata tsohuwar maƙwabciya ta riƙe haɓa ta ce, "Kifi mai rai a bango, ga mara lafiya a ɗaki? Wannan binnewa aka yi." Wani ya sa fartanya ya sare ta, aka haɗa wuta aka ƙone. Ni da na koyar da yara sassan jikin kifi a allo, ina tsaye ina kallo kawai.

Washegari bayan la'asar muna zaune a majalisa ƙofar masallaci, aka ɗauko zancen. Wani ya tuno rigimar taku biyar, wani ya tuno cewa mai gonar surukin Ila ne. Ila na zaune a gefena, kafaɗarmu na gogar juna. Har yau ina jin muryata a kunnena lokacin da na ce, "Wanda ya ɗora ginin shi ya san abin da ya sa a ciki." Liman ya ce, "Malam, a yi hattara da harshe, ba ka gani da idonka ba." Ila ya dube ni, ya jawo takalmansa, ya tafi.

Maganar da shugaban makaranta ya faɗa a ƙauye ba ta tsayawa a ƙauyen. Da aka gama kaka, lokacin gini ya kama, ba wanda ya kira Ila ko da yaɓen rumbu. Wani ɗan kasuwa a Maigatari da suka riga suka yi magana zai gina masa shago, ya aiko cewa ya fasa. Wa zai ba da gidansa ga mai binne abu a bango? Mutumin da ake layi a ƙofarsa ya koma saran itace yana kai wa masu tuya. Matarsa ta daina fita suna da biki. Muna haɗuwa a sahu, mu yi sallama a taƙaice kowa ya kama gabansa. Inna kuwa ta warke bayan an kwantar da ita a asibiti a Gumel, amma ni da hankalina na ce ai don an tone abin ne. Na sani sarai sana'ar abokina da mutuncinsa na mutuwa a gabana, kuma bakina ne ya jawo, na dai yi ta gaya wa kaina cewa shi ya ja.

Daga baya na ji yadda ya yi wannan ranin. Wani da an yi masa haka, ko ya bar gari ko ya kai ƙara. Ila tafkin ya koma. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya taka har can, ya zauna da makiyayan da ke shayar da shanu. Wani dattijo a cikinsu ya gaya masa cewa shi ma abin na ba shi mamaki: tafkin ba ya haɗe da kowane rafi, amma ruwan farko na zuba sai ka ga kifi a ciki. Ila ya yi ta zuwa yana kallon ruwan na tsukewa. Da ya koma taɓo, ya ga gaiwa na nutsa kai tana shigewa ƙasa, kowace ta bar ɗan rami a sama. Ya bi ramukan ya kakkafa karare. Sannan ya dawo gida, ya jira rana ta yi aikinta har ƙasa ta daddare kamar yadda ya same ta bara.

Wata safiya Mai Unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da Ila da Liman da wasu dattawa biyu, ga amalanke an ɗora masa jarkoki da daro. Ila ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙara na kawo ba. Rakiya nake roƙo." Muka hau. Tafiyar nan duka ni da shi ba wanda ya dubi wani.

A bakin tafki ya nuna mana kararen, kowanne da ɗan rami a gindinsa wanda bai fi a zura yatsa ba. Ya miƙo min dagi. "Mai Alli, zaɓi wanda ka ga dama ka haƙa da hannunka. Ni ba zan taɓa ba, kada a ce a hannun riga na zo da ita." Rabon da ya kira ni da sunan nan wata takwas. Na zaɓi kara ɗaya can nesa, na yi ta sara, ƙasar na mayar min da dagin. Da ƙyar na ɓamɓaro hoge, na fasa shi a hankali. A tsakiya ga wani ƙunshi ruwan ƙasa, busasshe, kamar an naɗe abu a ɓawon albasa. Muka sa a daro, aka tuttula ruwa, muka zauna a inuwar amalanke.

An daɗe ba abin da ya faru. Ɗaya daga dattawan ya fara cewa rana na yi, a kama hanya. Ila ko gezau, yana tsugune ya zuba wa daro ido. Can sai ƙunshin ya yi taushi, ya motsa, ya yage. Ta warware jikinta sannu a hankali, ta ɗago kai saman ruwa, ta buɗe baki ta shaƙi iska. Liman ya ce, "Subhanallahi," ya kuma maimaita. Mai Unguwa ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace, yana cewa, "Ashe baƙuwa ce aka gina wa ɗaki ba ta sani ba!" Kowa ya yi dariya ban da ni. Ila bai dubi kowa don neman a wanke shi ba. Murna kawai yake yi kamar an yi masa haihuwa, yana nuna mana yadda take ɗagowa ta sha iska. Da muka tashi tafiya, ya ce ba za a ci wannan ba. Ya kawo ta gida a daro, ya yi ta canja mata ruwa har damina ta faɗi, ya mayar da ita tafkinta.

Labari ya zaga fiye da yadda zargin ya zaga. Aiki ya dawo wa Ila har ya fi da, ɗan kasuwar Maigatari ya zo da kansa. Masu barkwanci suka riƙa ce masa in zai yi musu gini, a sa musu mai kifi. Ni kuwa na yi irin sulhun da mazan karkara suka iya. Na aika masa da goro, na ce ya zo ya gyara gindin katanga, ya zo. Na koma zama a gefensa a majalisa, ya matsa min. Muka ci gaba da zama kamar ba a yi ba, ya ci gaba da zube min tarkacensa a tabarma. Amma in buɗe baki in ce Ila na zalunce ka, ka yafe ni, wannan ban yi ba. Na ɗauka goro ya isar da saƙo. Haka muka yi shekara ashirin da wani abu.

Yanzu ina zaune a Gumel wajen ɗana, kuma sau da yawa nakan tambayi kaina me Ila zai ce da duniyar yau. A ƙauyenmu an haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, sa ya huta da jan guga. Na tabbata da yana nan da sai ya hana masu haɗa na'urar sakat, sai sun gaya masa ta inda rana ke shiga waya. Gini ya koma na bulo da siminti, ba mai zuwa tafki ɗibar hoge. Kwanakin baya jikata Zainabu, wadda ke karatu a jami'a, ta ji ina ba da labarin nan, ta latsa wayarta ta miƙo min. Ga gaiwa a wata ƙasa can, tana fitowa daga bangon laka cikin ruwan sama, sak irin tawa. Ta ce masana sun daɗe da sanin tana da huhu, shi ya sa take shan iska. Ƙunshin nan yauƙin jikinta ne ke bushewa ya kare ta, ɗan ramin kuma ta nan take numfashi, tana iya wuce shekara a haka tana rayuwa da naman jikinta. Ta ƙara da cewa yankinmu ya taɓa samun ruwa sosai a zamanin da, Tafkin Chadi ma ya ninka yadda yake yanzu nesa ba kusa ba, don haka bawon dodon koɗi a ƙasan rijiya ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Amsoshin da mutum ya yi ta nema da ƙafarsa cikin rana, ga su a tafin hannun yarinya cikin minti biyu. Da Ila ya ga wannan, Zainabu ta rabu da wayarta ke nan.

Sai dai ina jin da akwai abin da zai ɓata masa rai. Wayar nan da ta nuna min gaiwa, ita ce kuma ke kawo mana hoton wani abin da ba a saba gani ba, a ce aikin maye ne, a ambaci sunan wani bawan Allah, kafin magariba gari ya ɗauka. Abin da na yi a majalisar mutum goma, yau ana yin sa a gaban dubbai. Mutane ba su canja ba, saurin ne ya ƙaru. In na ga irin wannan, nakan ce da 'ya'yana kada wanda ya tura wa wani, sukan ɗauka tsufa ne.

Gine-ginen Ila sun kusa ƙarewa. Wasu damina ta cinye, wasu magada sun rushe sun sa bulo. Tarkacensa matarsa ta zubar bayan arba'in, ba laifinta ba ne, wa zai ajiye ɓallin tukunya? Abin da ya rage min nasa wata magana ce da ya yi kwana uku kafin ya cika. Na je duba shi da hantsi, yana kwance a zaure, jiki ya zube amma ido na nan tar. Na ga ba sauran lokacin goro. Na kama hannunsa na ce, "Ila, maganar nan da na yi a ƙofar masallaci, na zalunce ka. Don girman Allah ka yafe ni."

Ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Haba Mai Alli, sai yau? Ai tun a bakin tafki na yafe, da na ga kana fama da dagi." Ya huta, sannan ya ce, "Abu ɗaya ne dai ya tsaya min. Kifi mai rai ya fito daga bango, abin da kakanninmu ba su gani ba, kuma a gidanka. Ina nan cikin gari, ba nisa. Da ka aiko an kira ni, da mun tsuguna mun kalle ta tare. Sai ka bari aka sare ta, ka tafi neman mai laifi. Ita fa wata huɗu ta yi tana jiran ruwa."

Na yi dariya, hawaye na zuba a gemuna, shi ma yana dariya. Raina a kwance yake game da Ila, domin na roƙa ya kuma amsa tun yana da bakin amsawa, kuma ba kowa Allah ke ba wannan dama ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya nuna masa abubuwan mamakin da suka fi na nan. Zargin ya yafe min shi da bakinsa. Tsugunon nan na minti biyar da na hana mu yi tare a gindin katanga, shi ne har yau nake jin zafinsa.